«Me Za Ka Yi da Faransanci?»

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai a Woolwich, Landan

 

An nemi in yi magana a kan karatun harsunan Turai da adabinsu a matakin digiri na farko. Kowa a nan ya san yadda abin yake a tarukanmu. Idan sabon ɗalibi ya ce likitanci ya zo karantawa, ko injiniyanci, sai ka ji ɗaki ya ɗauka da masha Allah. Idan kuwa ya ce Faransanci ne da adabin Ingilishi, sai a yi ɗan jim, sannan wani dattijo ya ce Allah Ya sa a dace, da irin muryar da ake yi wa mai jinya. A gida ma tambayar guda ce: me za ka yi da shi? Tambaya ce ta gaskiya, domin wanda ya sayar da gona ko fili ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya yi ta. Ita nake so in amsa, kuma zan fara daga unguwar nan da muke zaune.

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ya shiga tsakiyar gari ya ratsa dandalin da aka sa wa sunan Janar Gordon. A nan Woolwich aka haife shi a 1833, a Khartum kuma dakarun Mahadi suka kashe shi a 1885. Kitchener, wanda ya murƙushe daular Mahadin a Omdurman a 1898, a makarantar hafsoshi ta garin nan ya yi karatu, kuma yana jin Larabci. Gine-ginen bakin kogi da yanzu aka mayar gidajen kwana masu tsada, a cikinsu aka yi shekaru aru-aru ana ƙera igwa da harsashi domin sojan Ingila. Wannan ɓangaren tarihin kowa na iya ganinsa da ido. Ɓangaren da ba a gani shi ne aikin da alƙalami ya yi kafin igwa ta iso.

A 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano da sunan Abdulkarim, yana jin Larabci, yana koyon Hausa da Barbarci, yana rubuta farashin turkuɗi da na gishiri da hanyoyin fatake. Da zai koma a 1855 ya zo Landan da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. Ya zauna da wani limamin kirista, James Schön, a Chatham, wadda ba ta da nisa daga nan, daga bakinsa kuma aka ɗebo mafi yawan abin da ya zama littafin Magana Hausa. Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876. Kafin ƙarnin ya ƙare ana koyar da Hausa a jami'ar Cambridge. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris. Wato sun yi shekara hamsin suna karanta mu kafin su ci mu da yaƙi, mu kuwa a fadojinmu da wuya a sami mai karanta takarda guda ta harshensu.

Ga abin da wannan giɓi ya jawo. Babbar hujjar da Lugga ya kai wa gwamnatinsa ta yaƙar Sakkwato ita ce wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda a fassararta ta Ingilishi ta nuna cewa babu abin da ke tsakani sai yaƙi. Asalin Larabcin wasiƙar bai bayyana ba, shi ya sa marubuta irin su Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, suka sa ayar tambaya a kanta. Ko sahihiya ce ko a'a, abin lura shi ne a Landan an yanke hukunci a kan makomarmu bisa fassarar da babu namu ko guda da ya duba.

Iyayenmu na farkon boko sun gane wannan da wuri. Abubakar Imam, da ya zauna rubuta Magana Jari Ce a Zariya, ya karanta tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da Dare Dubu da Ɗaya, da wasu labaran Turai da na Gabas, ya narkar da su ya zuba a tukunyar Hausa, har yau yaro na karantawa bai ji ƙamshin baƙunta ba. Shi ne kuma ya zo ƙasar nan a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya zauna da Lugga a tsufansa, ya gaya masa matsalolin Arewa da harshen Luggan. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano duk sun yi karatu a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan bayan yaƙin duniya na biyu, kuma wanda ya rubuta Shaihu Umar shi ne mutumin da Ingilishinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya juya wasan Shakespeare zuwa Hausa, Bala Abdullahi Funtuwa kuma ya ba mu Gandun Dabbobi a 1975. Wanda ya karanta Gandun Dabbobi a zamanin mulkin soja bai bukaci a yi masa bayanin su wane ne aladu ba.

Sai dai akwai wanda zai ce: to, harshe mun ji amfaninsa, adabin fa? Me ya haɗa ɗan Katsina da ƙagaggun labaran mutanen da suka mutu tun zamanin Sarauniya Biktoriya? Amsata ita ce a cikin adabi al'umma ke faɗin abin da ba ta faɗi a takardar ofis. Joyce Cary ya yi aikin mulki a ƙasar Borgu, ya rubuta Mister Johnson a 1939, littafin da ya kafa a Arewacin Nijeriya. Idan kana so ka san yadda ɗan mulkin mallaka mai ganin kansa mai tausayi yake kallon akawunsa baƙar fata, can za ka duba. Littafin nan aka ɗora wa ɗalibai a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da wani saurayi da ya bar likitanci ya koma sashen Ingilishi, ya rasa tallafin karatunsa a dalilin haka. Sunansa Chinua Achebe. Haushin abin da ya karanta yana cikin dalilan da suka sa ya ɗauki alƙalami. Labarin Conrad ma, wanda Achebe ya yi wa raddi a 1975, a kan wannan kogi na Thames aka buɗe shi, can ƙasa wajen Gravesend. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Mister Johnson a ƙasarmu aka kafa shi, amma ɗan Ogidi ne ya mayar da martanin da duniya ta ji.

Bari in zo kan Faransanci, domin nan ne siyasar gida ta fi shiga. Nijeriya na da maƙwabta huɗu na tudu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, dukkansu kuma da Faransanci aka gina hukumominsu. Iyakarmu da Nijar ta haura kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906, suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Daura da Damagaram. Gaskiya ne Bakano da Bamaraɗe ba sa bukatar tafinta a kasuwa. Amma dokar kwastan, da hukuncin kotu, da yarjejeniyar haƙar yuraniyom a Arlit, da muhawarar masana a Jami'ar Abdou Moumouni, duk da Faransanci aka rubuta su. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wutar lantarki, mutanen Jibiya da Illela da Maigatari ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu, alhali 'yan bokonmu da yawa ta bakin kamfanonin labarai na Paris da Landan suke sanin abin da ke rubuce a takardun Yamai. A 2025 hukumomin Nijar sun ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, suka mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan mataki ƙara bukatar masu Faransanci ya yi, domin dokokin da aka tara shekara da shekaru sai an sami mai juya su zuwa Hausa, kuma mai juyawar dole ya ƙware a duka biyun.

Tarihi ma haka. Ɓarnar da ayarin Voulet da Chanoine ya yi a Birnin Ƙonni a 1899, rahotanninta da Faransanci suke, da yawa a ma'ajiyar Aix-en-Provence. Abdoulaye Mamani da Faransanci ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu a 1980. Mu nawa ne a ɗakin nan muka karanta shi?

Janar Abacha ya shelanta Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a 1996, akwai kuma ƙauyen koyon Faransanci a Badagry tun 1991, inda ɗaliban jami'o'i ke zuwa zaman gogewa. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen Faransanci, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da na harsunan Turai. Kayan aiki dai akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaliban da suka shiga da son ransu, domin da yawa sai an hana su shari'a ko aikin jarida sannan a tura su can, su yi shekara huɗu suna jin kamar an yi musu horo.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Karatun nan ba shi da hanyar aiki shimfiɗaɗɗiya irin ta likita ko akanta. A ƙasar nan digirin harshe yakan ci shekara huɗu, ta ukun a ƙasar masu harshen, ga kuɗin ɗalibin waje, ga darajar Naira yadda ta koma tun 2023. Jami'o'in Ingila kansu suna ta rage sassan harsuna saboda ƙarancin masu nema. Ga kuma na'urar fassara a wayar kowa. Na'ura na iya gaya maka abin da takarda ta ce, amma ba za ta gaya maka abin da aka ƙi faɗa ba, kuma babu gwamnatin da ke sa hannu a yarjejeniya bisa shaidar waya. Shawarata ga mai niyya ita ce ya haɗa harshen da wani fanni, kamar shari'a ko tattalin arziki ko tarihi, jami'o'in nan sun ba da damar haka. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake ɗaukar irin waɗannan mutane, haka Muryar Jamus da Rediyon Faransa, ga ma'aikatar harkokin waje da hukumomin ƙasa da ƙasa, inda mai harshe biyu na Turai ke shan gaban mai ɗaya.

Haɗarin da ya fi damuna wani ne daban. Akwai mai dawowa gida da Molière a baki, amma ba ya iya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa mai shafi guda da Hausa ba tare da ya cusa Turanci ba. Irin wannan bai ƙare mu da komai ba, domin fassara gada ce, gada kuwa sai da gaɓa biyu. Imam ya iya abin da ya yi ne saboda Hausarsa da Larabcinsa sun riga Ingilishinsa tsayawa da ƙafafunsu.

Ina da roƙo biyu ga shugabannin wannan ƙungiya. Na farko, a rubuta wa hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu, a nemi su ware gurbi ko da biyu ne a shekara domin Faransanci da fassara, a kuma kafa hujja da iyakar Nijar, tun da ita ce hujjar da gwamna zai fi saurin ganewa. Na biyu, a sa rana mu tafi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew. Katin shiga ɗakin karatu kyauta ne, shaidar suna da ta adireshi kawai ake nema, kuma rahotannin da Lugga ya aika a kan Kano da Sakkwato suna nan a cikin kundayen Ofishin Mulkin Mallaka. Masu karatun adabi su zo, injiniyoyi ma su zo, sai mu raba shafukan.