Maharban Cikin Juji: Macrocheles da Yaƙinta da Ƙuda



An nemi in yi magana a kan ƙananan halittun da ke farauta a cikin ƙasa. Fagen da faɗi, lokaci kuma kaɗan ne, saboda haka zuriya ɗaya na ɗauko, wadda masana ke kira Macrocheles. Na zaɓe ta ne don duk wanda ke da turke, ko akurki, ko juji a bayan gida, akwai yiwuwar yana tare da ita, tana yi masa aiki ba lada, shi kuwa yana sayen magani da kuɗinsa yana kashe ta.

Macrocheles ƙanwar kaska ce. Ƙafafunta takwas, kamar sauran danginta na nesa, gizo-gizo da kunama, kuma rukuninsu ɗaya da ƙwayar da ke haddasa ƙazwa. Sai dai ita ba ruwanta da jinin mutum ko na dabba. Masanin ƙwari na Faransa, Pierre André Latreille, shi ya raɗa wa zuriyar suna a 1829, yau kuma nau'o'in da aka bayyana a cikinta sun haura 300. Ana samun su a saman ƙasa, cikin ruɓaɓɓen ganye, cikin sheƙar tsuntsu, a jikin mushe, amma inda suka fi yin kaka-gida shi ne kashin dabbobi. Wadda ta fi shahara ita ce Macrocheles muscaedomesticae, wadda Giovanni Antonio Scopoli ya bayyana tun 1772, bayan an gan ta maƙale a jikin ƙudan gida. Tun da kuwa ƙuda ya zagaye duniya, ita ma ta zagaye.

In kuna son ganinta, ku ɗebi kashin kajin da ya kwana biyu a ƙarƙashin keji, wanda samansa ya fara yin ɓawo amma cikinsa da sauran laima, ku barbaza a kan farar takarda, ku sa gilashin ƙara girma. Za ku ga ɗan ɗigo ja mai duhu, tsawonsa kamar milimita ɗaya, yana gudu ba tsayawa. Ku lura da tafiyar: da ƙafa shida take yi. Biyun gaba sirara ne, ba su da farce, a sama take riƙe da su tana kaɗawa hagu da dama. Ba ta da ido ko ɗaya. A ƙarshen waɗannan ƙafafun gaban akwai 'yan gasusuwa masu jin ƙanshi, da su take laluben duniya. Da ta ci karo da ƙwan ƙuda sai ta kafa masa muƙamuƙanta masu haƙora, ta huda, ta tsotse ruwan ciki, ta bar kwanso fayau, ta wuce na gaba.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, don a nan maganar take. Macen ƙuda na zuba ƙwai sama da 100 a zama ɗaya, kuma a rayuwarta tana iya kaiwa 500. Ƙwan kan ƙyanƙyashe kafin ya cika kwana ɗaya, kuma a zafi irin namu, daga ƙwai zuwa ƙuda mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne. Ita kuwa macen Macrocheles, a ɗakin gwaji an ga tana kashe ƙwai da sabbin tsutsotsi 10 zuwa 20 a rana. Ƙwai ɗai-ɗai take sakawa, ƙato in aka gwada da girman jikinta, amma in da ɗumi da abinci, ɗanta kan balaga cikin kwana 2 zuwa 3. Wato kafin ƙuda ya yi zuriya ɗaya, ita ta yi kusan uku. Ranar da ƙwan ƙuda ya yi ƙaranci kuma ba ta mutuwa da yunwa, sai ta koma kan tsutsotsin nematod, waɗannan sirara da ido ba ya gani, waɗanda dama su ne abincin ƙanananta da mazanta. Tsutsar ƙuda da ta girma ta fi ƙarfinta. Saboda haka duk yaƙin nata a kwana ɗaya ko biyun farko yake, kuma dole ta riga ƙuda zama a wurin, ko su iso tare.

Ta yaya abin da ba shi da fiffike zai iso tare da ƙuda? Hawansa take yi. Idan jujin ya tsufa ya bushe, abinci ya ƙare, macen da ta riga ta sadu da namiji sai ta jira ƙuda ya sauka, ta damƙi jikinsa da muƙamuƙanta, yawanci ta ƙasan ciki. Ƙuda kuwa ba inda zai nufa sai sabon kashi mai laima inda zai zuba ƙwai. Nan za ta sauka. Kamar ɗan acaɓa ne ya ɗauko fasinja har ƙofar gidansa, fasinjan ya sauka ya cinye 'ya'yansa. Mace ɗaya ta isa ta kafa gari, domin tsarin haihuwarsu haka yake: ƙwan da maniyyi ya shiga mace yake zama, wanda bai shiga ba namiji. Wasu nau'o'in, irin su Macrocheles glaber, buzuzu suka fi hawa. Ku kama buzuzu a kan kashin shanu da damina, ku juya cikinsa sama, sau da yawa za ku ga 'yan ɗige-ɗige jajaye sun yi cincirindo a gindin ƙafafunsa.

Ba dukan zuriyar ce ke tsayawa a hawa kawai ba. Macrocheles subbadius, wadda aka yi nazarinta a hamadar Sonora ta Amurka, tana tsotsar ruwan jikin ƙananan ƙudajen da ta hau. Akwai kuma wadda ba zan iya wucewa ban ambata ba, ko da ba ta da alaƙa da gonar kowa a nan: Macrocheles rettenmeyeri, wadda G. W. Krantz ya bayyana a 1962, mai zama a jikin wata irin kwarkwasa ta dazukan Amurka ta Tsakiya. Tana maƙalewa a tafin ƙafar baya ta kwarkwasar tana shan ruwan jikinta, ta toshe mata farce. Amma idan kwarkwasar ta zo sarƙewa da 'yan uwanta, sai ƙafafun bayan ita mai tsotson, waɗanda suke a lanƙwashe, su yi mata aikin farcen. Allah mai iko.

Ƙasar Ostireliya ta koyi darajar waɗannan halittu da tsada. Turawa sun kai shanu can a 1788, buzuzun ƙasar kuwa da busasshen kashin kangaru ya saba, bai san yadda zai yi da na saniya ba. Kashi ya riƙa taruwa a makiyaya, ƙudaje suka samu wurin hayayyafa. George Bornemissza na hukumar bincike ta CSIRO ya jagoranci shirin shigo da buzuzu daga waje, mafi yawa daga Afirka da kudancin Turai, shirin da ya gudana daga 1965 zuwa 1985. Don gudun shigar da cututtukan dabbobi, ƙwan buzuzun ake wankewa da sinadari a tura, ba babbansa ba. Haka buzuzu ya isa, fasinjojinsa suka rage a gida. Daga baya, a farkon shekarun 1980, sai da aka koma Afirka ta Kudu aka ɗauko Macrocheles peregrinus aka saki a arewacin ƙasar. Ta zauna, ta bazu, amma ba ta gama da ƙudan da ke cizon shanu ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya fita daga ɗakin nan yana cewa an samo maganin ƙuda. Ragi take yi, kuma tare da wasu take yin sa: ƙananan ƙwaro irin Carcinops pumilio, da 'yan mitsi-mitsin zanzaro masu huda kwanson ƙuda.

Masu kaji, ga naku. Richard Axtell na Jami'ar Jihar North Carolina ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin kashin shanu da na kaji. Abin da shi da ɗalibansa suka nuna shi ne, kashin da aka raba da waɗannan maharba ya fi fitar da ƙuda nesa ba kusa ba, kuma yawancin magungunan da ake fesawa a kan kashi don kashe tsutsa sun fi yi wa maharban ɓarna. Dalilin a bayyane yake. Macrocheles a saman tulin take zama, inda ƙuda ke zuba ƙwai, nan kuma feshi ke sauka. Tsutsar da ta girma ta riga ta nutse can ƙasa. Bayan kwana kaɗan ƙarfin magani ya ragu, ƙudan maƙwabta ya shigo da fiffikensa ya tarar da fili ba mai gadi. Ita kuwa sai ta jira abin hawa. Mai gona ya ga ƙuda ya ninka, ya ce maganin jabu ne, ya ƙara awo. Garin gyaran gira ake rasa ido. Ƙuda kuma gwanin sabawa da guba ne: a Suwidin, tun 1946 aka ga ya daina jin DDT, shekaru kaɗan da fara amfani da shi. Wanda ke zuba fiya-fiya a ƙarƙashin keji, kajinsa na shaƙa, yaran gonarsa na shaƙa, ƙuda ne kaɗai zai ci riba.

Abin da ya kamata a yi ba ya cin kuɗi sosai. Kashin kaza sabo, kusan uku bisa huɗu nasa ruwa ne, ƙuda kuma jiƙaƙƙe yake so. Ku gyara mashayar da ke ɗiga, ku bar iska ta ratsa ƙarƙashin keji, musamman da damina. Idan masu lambu suka zo sayen taki, na san kuɗi ne, kowane buhu da farashinsa, amma kada a kankare har siminti. A bar busasshen kauri kamar taƙi ɗaya ya zama iri, ko a kwashe layi ɗaya yau, wani layin bayan mako biyu. In feshi ya zama dole, a yi shi a bango da rufi inda manyan ƙudaje ke kwana. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da annoba ta shiga, irin murar tsuntsaye, wannan shawara ta faɗi, a bi umarnin likitan dabbobi a kwashe komai.

Makiyaya ma da nasu. A 1987 Richard Wall da Les Strong suka wallafa a mujallar Nature cewa kashin maruƙan da aka ba ivermectin ya kasa jawo ƙwarin da ke ruɓar da shi yadda ya kamata. Maganin na da amfani, ba na hana shi. Sai dai allurar da aka yi wa garke duka ba tare da buƙata ba tana fita ta kashi, ta taɓa buzuzu, buzuzu kuwa kun ji aikinsa. Manomin da ke roƙon Bafulatani ya kwana da shanu a gonarsa bayan girbi, wannan ta shafe shi.

A Turai abin ya zama kasuwa. Kamfanin Koppert na ƙasar Holand yana sayar da Macrocheles robustulus da sunan Macro-Mite, ana barbaza ta a ƙasar gidajen gilashi ta cinye ƙwarin da ke ɓuya a gindin shuka. A ganina, ba odar kwalba daga waje ce ta kamace mu ba. Halittar da ta saba da zafin Afrilu da bushewar hunturunmu tana nan a turakunmu, aikin sassan nazarin ƙwari ne su tantance ta, garin Kano daban, Maraɗi daban.

Ɗalibai, kayan aikin ba su fi ƙarfin aljihunku ba. Antonio Berlese na Italiya, wanda shi ya bayyana robustulus a 1904, ya ƙirƙiro dabarar fitar da irin waɗannan halittu daga samfuri a 1905, Albert Tullgren ya gyara ta a 1918 ya sa mata ƙwan lantarki. Mazurari ne babba, a shimfiɗa raga a cikinsa, a zuba samfurin taki a kai, a rataya ƙwan lantarki mai ɗumi a sama, a ajiye kwalba mai etanol kashi 70 cikin 100 a ƙasa. Yayin da takin ke bushewa daga sama, duk mai rai zai yi ta gudu ƙasa har ya faɗa kwalba. Kwana 4 zuwa 7 sun isa. Ku rubuta wuri, da rana, da irin dabbar, da ko an yi feshi, da fensir a takarda ku jefa cikin kwalbar, don biro narkewa yake yi. Wajen tantancewa matan za ku ware, domin da zanen sulken ƙirjinsu da jerin gashin bayansu ake bambanta nau'i da nau'i.