Tsoro na daji, kunya na gida

 Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayye da ƙanne, da yaranmu da ke can baya suna latsa waya, barkanmu da war haka. Waɗanda suka biyo jirgin Elizabeth tun daga yammacin Landan har ƙarshen layi nan Abbey Wood, sannunku da hanya.

Da sakatare ya kira ni ya ce in yi magana a kan lafiya, na san hawan jini ko ciwon suga yake tsammani. Na ce masa a yi mini afuwa, wannan karon zan taɓo wani ciwo ne da ba a ganinsa a gwajin jini, wanda ni kaina na yi shekaru ina fama da shi, wato tsoron buɗe baki a gaban jama'a.

Ina aji biyar a makarantar likita aka ba ni bayanin wani mara lafiya in gabatar a taron safe. Kwana na yi ina haddacewa. Da na miƙe na ga idanu sun yo kaina, sai harshena ya manne a ganɗa, gwiwoyina suka yi sanyi, takardar hannuna tana kaɗawa har na kusa da ni suna jin ƙararta. Babban likita ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Zauna, 'yata." Daga ranar na koma kujerar baya, na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan na fara aiki, wata safiya muna zagayen marasa lafiya na ga an rubuta wa wani yaro magani da ya yi wa nauyinsa yawa. Na lissafa a zuci sau biyu, na tabbata. Amma manya goma ne a tsaye, ni ce ƙarama, sai bakina ya mutu. Allah ya sa wata dattijuwar nas ta duba takardar ta yi magana kafin a ba shi. Yaron ya warke ya tafi gida, iyayensa ba su san komai ba. Ni kuwa ranar na gane cewa abin da nake kira kunya yana iya kashe mutum.

Kada iyayenmu su ɗauka tarbiyya nake kushewa. An koya mana sunkuyar da kai gaban babba, da kawaici, da cewa baki shi ke yanka wuya, kuma ina koya wa 'ya'yana da yawa daga ciki. Sai dai Hausawa da kansu sun raba abin gida biyu, suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Mu ne muka haɗa su, muka saka wa tsoro rigar kunya, har yarinyar da gabanta ke faɗuwa in an tambaye ta sunanta muke yabo da cewa tana da natsuwa. A ƙasar nan kuma, yaron da ya sunkuyar da kai gaban malama sau da yawa ɗauka ake yi bai san amsa ba, ko yana ɓoye wani abu.

Bari in sa rigar likita kaɗan. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Ba ya bambance kura da taron mutane. In ya ga idanu sun yi yawa sai ya buga ƙararrawa. Nan take wasu 'yan ƙullutu biyu da ke saman ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciyar da a zaune take bugawa sau 60 zuwa 100 a minti sai ta zarce haka. Jini ya bar ciki ya tafi ƙafafu da hannuwa don gudu, shi ya sa ciki ke juyawa. Yawu ya ƙafe, gumi ya karyo, murya ta kama rawa. Duk wannan alamar lafiyayyen jiki ce da ke shirin tsira. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma rashin ilimi ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, guguwar ba ta daɗewa. In mutum ya daure ya ci gaba da magana, yawanci cikin 'yan mintuna takan lafa. In kuwa ya gudu, ƙwaƙwalwa sai ta rubuta cewa gudun ne ya cece shi, gobe ƙararrawar ta fi ta yau ƙarfi. Shekarun da na yi a kujerar baya, kiwon tsoron nake yi ban sani ba.

Dole ce ta warkar da ni. Likitan da ya zo daga waje yawanci sai ya ci jarrabawar PLAB, kashi na biyunta a Manchester, inda ake shiga ɗaki bayan ɗaki ana magana da 'yan wasan kwaikwayo da ke fitowa a matsayin marasa lafiya, mai jarrabawa na zaune yana kallo. Babu kujerar baya a can. Na fara da madubi, na koma maigida da yara, sannan abokan karatu uku. Har cikin dajin Lesnes ɗin nan na bayanmu na sha zagayawa ina yi wa bishiyoyi bayani da ƙarfi, masu yawo da karnuka suna kallona. Yau da gobe dai. Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, ya yi shekaru yana tsayawa gaban 'yan makaranta a Bauchi kafin ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960.

'Yan dabarun da nake amfani da su har yau ba su da yawa. Kafin in miƙe nakan ja numfashi a hankali, in fitar da shi a tsawon da ya fi na shigarwa, domin fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Jimlar farko kawai nake haddacewa, sauran in rubuta kanunsu a 'yar takarda, don wanda ya haddace duka, kalma ɗaya in ta ɓace masa komai ya rushe. Ina ajiye ruwa kusa. Ina neman fuska ɗaya mai fara'a in yi da ita; yau Hajiya ce a layin gaba. Kuma iyayenmu maza, a bar goro da kofi sai an gama, sinadarin da ke cikinsu ƙara wa hannu rawa yake yi.

Akwai wata ƙwaya, propranolol, wadda Sa James Black ya ƙirƙiro, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1988. Tana rage bugun zuciya da karkarwa, amma ba ta cire tsoro daga rai. Na san wasu na sa a sayo musu a kemis a gida, wasu na ara a hannun abokai kafin ganawar neman aiki. Don Allah a daina. Mai ciwon asma tana iya toshe masa numfashi, kuma in ta yi yawa tana kisa. Wanda tsoron ya kai ga hana shi aiki, ko karatu, ko fita cikin mutane, wannan ya zama lalura mai magani. A Ingila mutum zai iya miƙa kansa ga sashen NHS Talking Therapies kyauta, ba sai likitansa ya tura shi ba.

Ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu. A 2021 wata yarinya mai shekara 13, Martha Mills, ta rasu a wani asibiti a nan Landan bayan ƙwayar cuta ta shiga jininta. Iyayenta sun ga tana ƙara rikicewa, sun yi magana, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Uwarta 'yar jarida ce, Turanci harshenta ne. Fafutukar iyayen ce ta sa daga 2024 asibitocin Ingila suka fara aiki da ƙa'idar da aka sa wa sunan Martha: in ka ga mara lafiyarka na ƙara tsanani kuma ba a saurare ka ba, kana da ikon kiran wata tawaga dabam ta zo ta duba shi da gaggawa. To, wannan ƙofa da baki ake buɗe ta. Na sha ganin uwa daga cikinmu tana cewa "to, to" a gaban likita, sai mun fito ta riƙe hannuna ta faɗa mini da Hausa abin da ya kamata ta faɗa a ciki. Kuna da haƙƙin a kawo muku tafinta kyauta, ku nema tun lokacin da kuke karɓar rana, kada a ɗora wa yaro ɗan shekara goma fassarar ciwon uwarsa. 'Yan uwa na gida da za su karanta wannan a mujalla, ku ma tambayar likita sunan magani da dalilinsa ba rashin kunya ba ne.

Ina roƙon shugabanni abu ɗaya. A kowane zama namu a ware minti goma, mutum uku da ba su taɓa magana ba su miƙe, minti biyu-biyu, da Hausa ko da Turanci, a kan duk abin da suka ga dama, ko da yadda ake dama fura ne. Ba gyara, ba dariya. A fara da mata da yara. Na kawo takarda, tana kan teburin shayi, mai so ya rubuta sunansa bayan sallar la'asar. Wanda kuma yake son ya ga ko har yanzu hannuna na rawa, ya matso ya duba, yana yi kaɗan.