Likita ya ce a sa wa ƙanena lantarki a kai, in sa hannu?

Takardar da muka ɗauko yau ta fito ne daga Ɗansoshiya, cikin ƙaramar hukumar Kiru, daga wani manomi da ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce ƙanensa ya shekara huɗu yana fama da taɓin hankali. Yana jin muryoyi suna zaginsa alhali ba kowa a wurin, yana cewa mutanen gida sun sa masa guba a tuwo, wani sa'in ya kama hanyar daji sai an bi sawu. An yi na gida har an gaji, an kai shi asibiti a Kano, an canja magani sau biyu, abin sai ya lafa ya dawo. Yanzu likita ya ce yana so a sa masa lantarki a kai, ya ba da takarda a sa hannu. Mahaifiyarsu ta ce ba da yawunta ba, ba za a gasa mata ɗa da wutar NEPA ba. Shi ne yake tambaya, wannan magani ne ko azaba, ya sa hannu ko kada ya sa?

To Malam, Allah ya ba shi lafiya, kai kuma sannu da ɗawainiya. Amsar a taƙaice ita ce, magani ne na gaskiya, likitoci suna kiransa ECT. Amma yana da lokacinsa, yana da sharuɗɗansa, kuma akwai tambayoyin da ya kamata ka yi kafin ka dangwala.

Alamomin da ka zayyana sun yi kama da ciwon da ake kira sikizofireniya, ko da yake likitan da ya duba shi ne mai tabbatarwa. Cikin masu wannan ciwo, kusan mutum ɗaya cikin uku magungunan da aka saba bayarwa ba sa yi masa aikin kirki. Sai dai likitoci ba sa cewa magani ya gaza sai an gwada iri biyu daban-daban, kowanne an sha yadda ya kamata har mako shida ko fiye. Nan fa gizo ke saƙar. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, yaron nan ya sha maganin kullum? Ko kuwa da ya ɗan samu sauƙi aka ajiye, ko kuɗi suka yanke lokacin shuka aka yi wata guda ba a saya ba, ko yana ɓoyewa a ƙarƙashin harshe ya tofar? Yana shan wiwi ko taramol? Waɗannan suna tayar da ciwon ko da ana shan magani. Ka gaya wa likita gaskiya, ba zai kama kowa ba. In matsalar ta rashin shan ƙwaya ce, akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni, sai a huta da rigimar kullum.

In kuwa an sha da gaske bai yi ba, abin da ake fara tunani a kai shi ne wani magani mai suna kulozafin. Shi ne wanda aka fi tabbatar da amfaninsa ga irin wannan ciwo mai taurin kai. Yana da wahalarsa. Ga kusan mutum ɗaya cikin ɗari yakan karya fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, don haka dole a riƙa gwajin jini kowane mako har mako 18 na farko, daga nan a rage. In mai shansa ya yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, a ranar za a kai shi asibiti, kada a tsaya sayen maganin maleriya a kemis. Na san daga Ɗansoshiya zuwa Kwanar Ɗangora, daga nan zuwa Kano kowane mako, ba ƙaramin kuɗin mota ba ne, balle da damina. Ka tambaya ko za a iya yin gwajin a babban asibiti mafi kusa, kamar na Tudun Wada, a aika wa likitan sakamakon ta waya. Tambayarka ta farko ke nan: an gwada kulozafin, in ba a gwada ba me ya hana?

Yanzu mu zo kan lantarkin, don a kwantar wa Inna da hankali. Asalin abin, wani likita a ƙasar Hangari mai suna Ladislas Meduna ya fara sa wa masu taɓin hankali jijjiga da allura a 1934, ya ga wasu suna samun sauƙi. A 1938 likitoci biyu a birnin Rum na Italiya, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka gano ana iya kawo wannan jijjiga da 'yar wutar lantarki. Wato jijjigar da ƙwaƙwalwa ke yi ita ce maganin, wutar tayar da ita kawai take yi.

Ga yadda ake yi in an bi ƙa'ida. Majinyaci zai kwana bai ci komai ba tun tsakar dare. Da safe a auna hawan jini da bugun zuciya, a yi masa allurar barci irin ta tiyata, a ƙara wata allurar da ke saki da tsokar jiki, a sa masa iskar numfashi da wata roba a baki don kada ya ciji harshe. Sai a ɗora 'yan faifai biyu a kai, a saki wuta wadda na'ura ta auna, ta 'yan daƙiƙoƙi. Ƙwaƙwalwa ta yi jijjiga wadda yawanci ba ta kai minti guda ba, kai mai kallo abin da za ka gani bai wuce motsin yatsun ƙafa ba. Bayan 'yan mintoci ya farka, bai san an yi ba. Ba ƙuna, ba tabo, kuma ba ya sa wa mutum farfaɗiya. Ana yi sau biyu ko uku a mako, yawanci sau 6 zuwa 12, mai sikizofireniya wani lokaci yakan buƙaci fiye da haka.

Amma tsoron Inna yana da tushe, kada a raina shi. A da, ana yin wannan aiki mutum ido biyu, ƙarti sun danne shi, jiki ya yi ta fizga har wani ya goce a muƙamuƙi ko ya samu tsagewar ƙashin baya. A wasu asibitocin ƙasar nan an daɗe ana yi haka saboda ƙarancin likitocin sa barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2005 a daina yin sa ba tare da allurar barci da ta sakin jiki ba. Saboda haka tambayarka ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace nauyi: za a sa shi barci, kuma akwai likitan sa barci a ɗakin? In aka ce babu, ka nemi a tura ku inda ake da shi. Akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Neman a tura ka wani wuri ba rashin kunya ba ne.

Illarsa fa? Ciwon kai, ciwon jiki, tashin zuciya, da ruɗewa na ɗan lokaci bayan an farka. Wadda ta fi damun mutane ita ce mantuwa. Yakan manta abubuwan da suka faru a kwanakin da ake yin aikin, wanda ya zo gaishe shi jiya, abin da ya ci. Ga yawancin mutane wannan yana washewa cikin makonni, amma akwai waɗanda wasu abubuwan na watannin baya ba sa dawo musu. Kada wani ya ɓoye maka wannan. Mutuwa kuwa abu ne mai wuyar faruwa, kimanin sau 2 cikin 100,000 da aka yi aikin. Duk da haka a gaya wa likita in yana da ciwon zuciya, hawan jini, ko haƙori mai girgiɗi. Ranar da aka yi, ba hawa babur, ba shiga gona da injin, wani ya raka shi gida.

Yana aiki kuwa? Inda ya fi yin fice shi ne ga mai baƙin ciki mai tsanani wanda ya daina ci da sha ko yake neman halaka kansa, da wanda ya sandare ba magana ba motsi kamar gunki, da mai jego da hankalinta ya gushe bayan haihuwa. A irin waɗannan yakan ceci rai cikin kwanaki. Ga sikizofireniya kuwa, ƙari ne a kan magani. A 2015 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum 39 waɗanda ko kulozafin bai ishe su ba. Waɗanda aka haɗa musu da lantarki, rabinsu sun samu sauƙi sosai, waɗanda aka bari a kan ƙwaya kaɗai ba ko ɗaya. Mutum 39 ba su da yawa, kuma ka lura rabi aka ce, ɗaya rabin bai samu ba. Don haka in za ka sayar da masara ko ɗan bijimi, ka sani gwaji ne mai kyakkyawan zato. Kuma kada ka kashe kuɗin duka a kan lantarki, domin bayan an gama sai an ci gaba da shan magani, in an daina ciwon yakan dawo cikin watanni. Ka sa a rubuta maka kuɗin duka tun farko, har da na barci da na gado.

Abu na ƙarshe a kan takardar. Tun Janairun 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayani a kan maganin da za a yi masa. Ƙanenka mutum ne mai ra'ayinsa. A lokacin da ya natsu, a zaunar da shi a gaya masa da Hausa abin da za a yi. Ka tafi da Inna wurin likita ta ji da kunnenta, ta ga ɗakin in sun yarda. In an amsa maka tambayoyin nan biyu yadda ya gamsar, ni dai da ƙanena ne, zan sa hannu.

Akwai kuma wata 'yar takarda daga wata mai sayar da shinkafa a Tudun Wada, ta ce ta gani a waya ana ɗora wa mutum na'urar maganaɗisu a kai yana zaune yana hira, shin wannan bai fi ba? Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne, ana kiransa TMS. Anthony Barker da abokan aikinsa suka fara nuna shi a Ingila a 1985, Amurka ta amince da shi a 2008 don ciwon baƙin ciki. Ba a sa barci, ba ya kawo mantuwa, amma sai an je kusan kullum har mako huɗu zuwa shida. Ga masu jin muryoyi an gwada, wasu binciken sun ga amfani, wasu ba su gani ba. Akwai ma wanda ake tiyata a dasa waya cikin ƙwaƙwalwa, wannan an fi yin sa ga masu ciwon karkarwa na Fakinsan, ga sikizofireniya har yanzu yana matakin gwaji. In wani ya zo kasuwa da 'yar na'ura mai batir ya ce tana gyara ƙwaƙwalwa, ki riƙe kuɗin shinkafarki.

Malam na Ɗansoshiya, in kun dawo daga Kano ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka yi da likita. A gaida Inna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.