Masu Kasa Kunne: Yadda Gwamnatoci Ke Sauraren Rediyon Juna



Da an ce leƙen asiri, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne mai baƙin tabarau da ke satar takardu cikin dare. Akwai wannan, ba musu. Amma yau zan yi magana ne kan wani ɓangare na aikin da babu sata a cikinsa ko kaɗan. Mutum ne zai zauna a ɗaki, ya maƙala abin sauraro a kunne, ya kama tashar wata ƙasa, ya rubuta abin da aka faɗa, ya fassara, ya miƙa wa na gaba. Manyan ƙasashe sun haura shekara tamanin suna kashe kuɗi a kan wannan aiki, saboda sun gane cewa mafi yawan abin da kake son sani game da wata gwamnati, da bakinta take faɗarsa, a bainar jama'a. Abin da ake nema kawai shi ne mai haƙurin sauraro, wanda ya san harshen, kuma bai manta abin da aka faɗa jiya ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifi wannan sana'a a sigar da muka san ta. A watan Agustan 1939, ana saura kwanaki kaɗan yaƙi ya ɓarke, BBC ta kafa sashenta na sauraro a Wood Norton, kusa da garin Evesham na Ingila. A 1943 aka mayar da shi Caversham Park, wani katafaren gida a gefen Reading, inda ya zauna har 2018. Amurka kuwa jami'a ce ta riga gwamnati, domin a Princeton aka fara sauraren farfagandar gajeren zango a 1939, sai a Fabrairun 1941 gwamnati ta kafa tata hukumar. Ita ce daga baya aka sani da FBIS, wadda ta koma ƙarƙashin CIA a 1947. Jamus ma ba a bar ta a baya ba, tana da nata gidan sauraron a bakin tafkin Wannsee da ke Berlin. Abin dariya, abin tausayi, a daidai lokacin da ma'aikatan wannan gida ke karɓar albashi don sauraren Landan, talakan Jamus in aka kama shi yana murɗa akwatinsa zuwa tashar waje, gidan yari ya nufa, wani ma har ransa.

Bari mu leƙa cikin ɗakin sauraron BBC. Siginar gajeren zango, kamar yadda dattawanmu masu rataye rediyo a kafaɗa suka sani, tana zuwa ne tana tafiya, ga ƙara, ga wata tashar tana kutsowa. Mai sauraro na rubuta abin da ya kama da sauri, a gefe kuma ana naɗar muryar a kan wani gwangwanin kakin zuma, don a maimaita in wata kalma ta ɓace. In an gama da shi sai a kankare, a sake naɗa a kai. Labari mai zafi a take ake buga shi ta waya zuwa ofisoshin gwamnati. Sauran kuma a tace, a tara, a buga a kundin kullum wanda daga baya ya yi suna da Summary of World Broadcasts. Ma'aikatan da yawansu 'yan gudun hijira ne daga Turai, mutanen da Hitler ya kora, suka zo suna sauraren harshen uwarsu daga bakin wanda ya kore su.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Ernst Gombrich, haifaffen Vienna, wanda duniya ta sani daga baya a matsayin babban masanin tarihin zane-zane. Daren 1 ga Mayun 1945, rediyon Jamus ya ce jama'a su dakaci wata muhimmiyar sanarwa, aka saki kiɗa mai sanyaya jiki. Gombrich ya gane kiɗan: wani yanki ne na aikin Bruckner wanda ya tsara don juyayin mutuwar Wagner, mawaƙin da Hitler ke ƙauna. Nan take ya ɗarsa cewa mutuwar Hitler za a sanar, kuma haka aka yi. Ku lura, kafin a furta kalma ɗaya ya riga ya fahimci saƙon. Jamusanci kaɗai ba zai ba shi wannan ba, sai don ya tashi a cikin al'adar. A ganina duk sirrin sana'ar yana nan.

Bayan yaƙi, Birtaniya da Amurka suka raba duniya tsakaninsu, kowa ya saurari yankin da aka ba shi, su riƙa musayar abin da suka samu. Amurka ta ƙara da wani ofishi a 1957 mai fassara jaridu da mujallu da littattafan ƙasashen waje. Da talabijin ta yaɗu, ita ma aka sa mata ido.

Zamanin Yaƙin Cacar Baka ne aikin ya kai ƙololuwa. A ƙasar da gwamnati ce ke da rediyo da jarida, babu kalmar da ke fita bisa kuskure. Don haka masu nazari suka koyi karanta abin da ke tsakanin layuka: sunan wa aka fara ambata a jerin manyan baƙi, wane ne aka daina yi wa kirarin da aka saba, wace ƙasa ce jiya ake ce mata 'yar'uwa yau kuma aka yi shiru. Ta wannan hanya aka hango ɓarakar da ke tsakanin Tarayyar Sobiyet da Sin tun kafin su fito fili su tsiraita juna. Aiki ne mai gundura, mutum ya shekara yana jin rahoton noman alkama da yabon shugaba, amma wanda bai ji na kullum ba, ba zai gane ranar da aka sauya murya ba.

Wani lokaci ma shugabanni da gangan suke aika saƙo ta wannan kafa, don sun san ana ji. A rikicin makamai masu linzami na Kuba, Oktoban 1962, wasiƙar da shugaban Sobiyet Khrushchev ya aika wa shugaban Amurka Kennedy ta hanyar ofishin jakadanci ta ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ta isa, ga duniya tana bakin ramin yaƙin nukiliya. Ranar 28 ga wata, da ya yanke shawarar janye makaman, sai ya sa aka karanta amsarsa a Rediyon Mosko. Masu sauraro suka kama, suka fassara, ta isa Fadar White House kafin ta jakada ta iso. Wannan jinkiri na cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin kai-tsaye tsakanin Mosko da Washington a 1963.

To mu fa, ina muka shigo? Mun shigo ta ƙofa biyu. Ta farko, an yi ta yi mana magana: BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, sannan Mosko, Beijing, Alƙahira, Jamus da Amurka duk suka zo suna neman kunnen Bahaushe. Ta biyu, wadda ba a cika faɗa ba, an yi ta sauraren mu. FBIS ta yi ofishin sauraro a nan Kaduna tun shekarun 1960, aka rufe shi a tsakiyar shekarun 1970, zamanin da dangantakar Najeriya da Amurka ta yi tsami. BBC kuma tana da nata a Nairobi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A nahiyarmu, gidan rediyo ne wuri na farko da sojan da ya yi juyin mulki ke nufa. Manjo Nzeogwu ta rediyon Kaduna ya yi jawabinsa ranar 15 ga Janairun 1966. Laftanar Kanar Dimka ta rediyon Legas ya yi nasa ranar 13 ga Fabrairun 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala. Ko a Yulin 2023, ta talabijin ɗin gwamnati sojojin Nijar suka sanar da kifar da Shugaba Bazoum. Wanda ke kasa kunne shi ke fara sani.

A nan ne nake so malamanmu na tarihi su tsaya su yi tunani. Ɗalibin da ke son sanin abin da rediyon Kaduna, ko na Enugu, ko na Biyafara suka faɗa wa jama'a a watannin da suka kai mu yaƙin basasa, sau da yawa kundin Turawan nan yake komawa. Gidajenmu na rediyo ba su da al'adar adana kaset yadda ya kamata. Wasu an sake naɗa a kansu, wasu zafi da ƙura sun cinye. Sai ya zama maganar da aka yi wa kakanninmu tana ajiye a ɗakunan karatu na ƙetare, cikin Turanci, kuma wanda ya zaɓi abin da za a ajiye ya zaɓa ne bisa buƙatar gwamnatinsa. Abin da bai dami Landan ko Washington ba, bai shiga kundi ba. Ba laifinsu nake gani ba, aikinsu suka yi. Amma kada mai bincike ya ɗauka kundin nan madubin abin da aka watsa ne gaba ɗaya.

Kada kuma a ɗauka sauraro kaɗai na hana ɓarna. A Ruwanda, cikin 1994, gidan rediyon RTLM ya yi ta zuga mutane su kashe maƙwabtansu, yana ambaton sunaye da wuraren ɓuya. Ba a asirce aka yi ba. An ji, an sani, duniya ta naɗe hannu. Daga baya naɗaɗɗun shirye-shiryen suka zama shaida a kotun da aka kafa a Arusha.

Yau sana'ar ta sauya kama. A 2005 Amurka ta narkar da FBIS cikin wata sabuwar cibiya, a ƙarshen 2013 kuma ta daina sayar wa jami'o'i da 'yan jarida fassarorin da suka daɗe suna dogaro da su. A Birtaniya, tun 2013 kuɗin sashen sauraro ya koma wuyan BBC kanta, aka rage ma'aikata, har kwamitocin majalisar dokoki suka koka a 2016. Ita kanta maganar ta bar gajeren zango. Tana Facebook, tana Telegram, tana TikTok, tana cikin saƙon murya da ake turawa ta WhatsApp daga waya zuwa waya. Da tashoshi ne da za a iya ƙirgawa. Yanzu kowa tasha ne. Ana cewa kwamfuta za ta yi fassarar, kuma lallai tana rage wahala wajen labarai na kai-tsaye. Sai dai ku ba ta wa'azin malamin Zinder, ko habaicin mawaƙin siyasa na Kano wanda bai ambaci sunan kowa ba amma duk gari ya san da wa yake, ku ga abin da za ta fitar.

Gwamnatocinmu ba kurame ba ne, suna sauraro. Hukumar kula da kafafen watsa labarai ta Najeriya na bibiyar tashoshi, ta kuma sha cin su tara. Nijar ta dakatar da RFI da France 24 a 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a ƙarshen 2024. Wato akwai masu ji, amma galibi don a hukunta ake ji, ba don a fahimta ba. Ga mu kuwa zagaye da maƙwabta masu watsa labarai da Faransanci da Larabci, ga Hausa da Fulfulde da Barebarci da ba su san iyakar ƙasa ba. Abin da ake faɗa a Yamai da Njamena da Marwa game da mu ya shafi kasuwarmu da tsaronmu kai-tsaye. Ba sai an jira gwamnati ba. Sashen koyon aikin jarida da sashen harsuna na jami'a ɗaya sun isa su fara: ɗalibai su riƙa naɗar manyan labaran tashoshi biyar ko shida kullum, a rubuta su a harshen da aka faɗe su, a sa kwanan wata da sa'a da sunan tasha, a fassara, a ajiye muryar tare da rubutun, a kuma bar ƙofa buɗe ga duk mai bincike.

Shugaban taro, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.