Ungozoma da Ranar Naƙuda: Ƙasar Kabi da Ƙasar Indiya



An nemi in yi bayani a kan yadda ake kula da mai haihuwa a gargajiyance, in kuma kwatanta namu na nan Birnin Kebbi da Argungu da na mutanen Indiya. Ni ba likita ba ne, malamin harshe ne, saboda haka daga kalmomi zan faro, domin kuwa abin da al'umma ta ɗauka da muhimmanci, shi take tara wa sunaye.

Mu dubi kalmomin da suka shafi bayan haihuwa. Akwai jego, wanda mu mutanen yamma muke kira biƙi. Akwai wankan jego, watau ruwa mai zafin gaske da ake fyaɗa wa jiki da ganyen tsamiya ko na dogonyaro safe da yamma. Akwai kunun kanwa, da ƙauri, da yajin jego mai kimba da citta da masoro. Akwai wankan gida, inda mai haihuwar fari take komawa wurin iyayenta, sa'an nan akwai arba'in da yawon arba'in. Har gaisuwa ta musamman muka tanada, mukan ce, "Sannu da ruwan zafi." To, amma in muka koma ga sa'o'in haihuwar kanta, sai mu tarar kalmomin sun yi ƙaranci. Naƙuda, durƙuso, sai kuma me? Dalili shi ne, a al'adar Bahaushe, wannan lokaci na kunya ne da dauriya. Mace takan shiga ɗaki ta ja ƙyaure, ta cije, ba a son a ji muryarta, balle a haihuwar fari. Ungozoma, wadda galibi tsohuwa ce da ta daina haihuwa, sau da yawa ba a aika mata sai jariri ya faɗo. Aikinta yanke cibi, da binne mabiyiya, da wanke jinjiri, da dafa ruwan wanka, ta karɓi rabonta na nama da hatsi ranar suna.

Wannan ba tarihi ba ne kurum. Wani nazari da Fapohunda da Orobaton suka buga a 2013, bisa ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2008, ya nuna cewa haihuwa ɗaya cikin kowace 5 a Nijeriya ana yin ta ne babu kowa a wurin, kuma kashi 94 cikin 100 na irin wannan haihuwa a Arewa suke. Ƙididdigar 2018 kuwa ta sa Jihar Kebbi a can ƙasan jeri: haihuwa 3 kacal cikin 100 ne ma'aikacin lafiya mai horo ya karɓa, alhali a Jihar Imo 98 ne.

Yanzu mu haye zuwa Indiya, ƙasar da yawancinmu suka sani ta hanyar silima, wasunmu kuma ta hanyar malaman lissafi da kimiyya da suka koyar a makarantunmu na sakandare a shekarun 1970. Mutum zai yi mamakin kamannin da ke tsakaninmu. Tsohon ilmin maganinsu, wanda suke kira Ayurbeda, yana ganin mai jego a matsayin wadda jikinta ya zama fanko, iska ta sami wurin shiga, kamar dai yadda tsofaffinmu suke tsoron sanyi. Maganin da suka tsara shi ne ɗumi: shafa mai a jiki, wanka da ruwan ɗumi, abinci mai citta da sauran kayan yaji, da hutu na kwana 40 zuwa wata ɗaya da rabi. Su ma mai cikin fari takan tafi gidan iyayenta. Su ma suna da ungozomarsu, sunanta dai, sai dai a arewacin ƙasar ana ɗaukar yankan cibi aikin ƙazanta, aka bar shi ga matan da al'ummarsu ta ƙasƙantar, abin da babu shi a wurinmu. Hatta itacen da muke wanka da ganyensa nasu ne. Dogonyaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, Katsinawa bedi, daga can aka kawo shi a zamanin Turawa, su nim suke ce masa. Ke nan wankan da muke rantsuwa na kaka da kakanni ne, ya karɓi baƙon ganye bai ce uffan ba. Al'ada ba ta ƙin canji kamar yadda masu kare ta suke zato.

Kafin in wuce, ya kamata in taɓa maganar kanwa, domin nan ne likitoci da tsofaffi suka daɗe suna ja-in-ja. A shekarun 1970, Davidson da Parry na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, ga kumburi ga haki. Suka ɗora laifin a kan gishirin da ke cikin kunun kanwa, da zafin wanka, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. A Sakkwato ma, binciken Isezuo da Abubakar na 2007 ya sami wannan cuta a haihuwa ɗaya cikin 102. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka tattara masu cutar daga asibitoci da dama na ƙasar nan, kuma a sakamakon da suka buga a 2020 ba su ga alaƙarta da wanka ko kunu ba. Abin da suka gani shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini na masu ciki. A nawa ganin, wannan bai wanke kanwa ga mace mai hawan jini ba, amma ya nuna mun shafe shekaru muna faɗa da tukunyar wanka, alhali talauci na zaune a tsakar gida. Abubuwan da babu gardama a kan cutarwarsu su ne yankan gishiri, wanda ke jawo yoyon fitsari, da zubar da dakashi, da shafa wa cibi toka ko wani abu mara tsabta.

To, ina maganar ranar naƙuda? A nan ne wata kalma ta shigo duniya, watau dula, daga Girkanci, wadda Dana Raphael, masaniyar al'adu a Amurka, ta yaɗa a littafinta na 1973. Dula ba ta karɓar haihuwa, ba ta ba da magani. Zama take yi kusa da mai naƙuda, ta riƙe hannunta, ta shafa mata baya, ta ba ta ruwa, ta ƙarfafa mata zuciya. A 1980 Sosa da Kennell da Klaus suka buga abin da suka gani a wani asibiti a Gwatamala: masu haihuwar fari da aka bar su su kaɗai sun yi naƙudar awa 19 a matsakaici, waɗanda aka zaunar musu da mace kuwa ba su kai awa 9 ba. A 2017 aka haɗa gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata fiye da 15,000, aka tarar rakiyar tana rage yin fiɗa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mace ta sami wadda ta zaɓa a gefenta.

Kun ga inda muka yi baibai. Mun cika ɗakin mai jego da mutane kwana 40, muka bar ta ita kaɗai a daren da jini zai iya ɓalle mata, wanda kuwa cikin awa 2 yana iya kashe mace lafiyayya.

Indiya ta bi hanyoyi biyu. Da farko ta horar da dai domin su karɓi haihuwa da tsabta, kamar yadda ƙasashe da yawa suka yi bayan taron Alma Ata na 1978, mu ma muka yi. Mutuwar mata ba ta ragu yadda aka so ba, domin reza sabuwa da sabulu ba sa tsayar da jini, ba sa fito da ɗan da ya gicciye. A 2005 sai ta sake dabara. Aka zaɓi mace ɗaya daga cikin ƙauye ga kowane mutum 1,000, ana kiranta Asha, aka ce aikinta ta san masu ciki, ta kai su awo, ta raka su asibiti ranar haihuwa ta zauna da su. Gwamnati na biyan mai haihuwar, tana biyan 'yar rakiyar. Haihuwa a asibiti ta tashi daga kashi 39 cikin 100 a 2005 zuwa 89 a tsakanin 2019 da 2021. Ba a hana kowa shafa mai da shan citta ba.

Wannan matsayi, a ra'ayina, shi ya dace da ungozomarmu, kuma ta fi Asha shiri, domin babu zauren da ake hana ta wucewa, kuma ita ce mai iya duban uwar miji ta ce naƙudar nan ta yi tsawo, a nemo mota. Maƙwabtanmu na Sakkwato sun gwada wani ɓangare na wannan tun 2013, da suka raba ƙwayar tsayar da jini da man shafa cibi ta hannun matan unguwa.

Sai dai ƙasarmu tana da nata sharuɗɗa. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, inda Asibitin Sir Yahaya yake, tafiyar kilomita 50 ce da 'yan kai bisa kwalta, wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana ƙauyukan fadama, inda da damina Gulbin Kabi kan cika ya shafe hanya, ya zamana sai da jirgin Sarkawa ake fita. Ungozomar irin wannan ƙauye tana bukatar sanin mai jirgin da za a tasa da tsakar dare, da wanda zai biya shi, tun cikin yana wata 7. Idan kuma ta iso, kada a tsayar da ita a bakin ƙofa. Yawancin ɗakunan haihuwarmu zaure ɗaya ne mai gadaje a jere, shi ya sa ma'aikata ke korar 'yan rakiya domin kare mutuncin sauran mata, kuma suna da hujja. Abin da ke warware wannan shi ne labule tsakanin gado da gado, da kujera guda, da umarni a rubuce daga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha cewa macen da mai naƙuda ta zaɓa za ta shiga tare da ita.