Ƙarfe, Maganaɗisu da Asibitocin Makka

Alhajin da rashin lafiya ta kai shi babban asibiti a Makka, aka sa shi cikin na'urar MRI, da wuya ya san cewa wayoyin maganaɗisunta suna cikin sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi lantarki kan bi waɗannan wayoyi ba tare da ya gamu da wata turjiya ba. Sai dai ruwan hiliyom da ke kawo sanyin tsada gare shi, shi ya sa masana ke neman abin da zai nuna wannan hali a sanyin da bai kai haka ba.

A shekarar 2008 Hideo Hosono da abokan aikinsa a Tokiyo suka ba masana mamaki. Da ma an ɗauka cewa ƙarfe, saboda maganaɗisunsa, ba zai yarda da wannan hali ba. Suka haɗa shi da lantanom, asinik da oksijin, suka ɗan zuba fulorin, sai tsarin maganaɗisun ya lafa, turjiya ta ɓace a digiri 247 ƙasa da sifili. Kafin shekarar ta ƙare masana a Sin suka kai kusan digiri 218 ƙasa da sifili.

Har yanzu sanyi ne mai tsanani, kuma har yau masana na muhawara kan yadda abin ke faruwa. Jami'o'inmu su ba ɗaliban kimiyyar lissafi da sinadarai kayan gwaji, domin a ɗakin gwaji ake wannan aiki.