Haɗin Kan Gida da Makaranta Wajen Tarbiyyar Ƙananan Yara



Duk yaron da aka kai makaranta yana ɗan shekara huɗu ya riga ya yi karatu mai yawa. Ya iya harshe, ya san gaisuwa, ya san kunya, ya ji tatsuniya da kacici-kacici. Malamar da ta koyar da shi waɗannan kuwa tana gida, kuma sau da yawa makaranta ba ta ko san sunanta ba. A kan wannan malama na ke so in yi magana.

Bari in ɗauko misali daga Amurka. Tsakanin 1962 da 1967, a garin Ifsilanti na jihar Mishigan, David Weikart da abokan aikinsa sun gudanar da shirin da a ke kira Perry. Sun ɗauki yara 123, 'ya'yan talakawa baƙar fata, suka sa 58 a makaranta, suka bar sauran don kwatantawa. Yaran kan yi awa biyu da rabi a aji kowace safiya. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne, kowane mako malama kan tafi gidan yaro ta yi awa ɗaya da rabi tare da shi da uwarsa. Da aka bi sawunsu har suka kai shekara 40, sai aka tarar waɗanda suka shiga shirin sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma ba su kai sauran faɗawa hannun hukuma ba. Ba na cewa ziyarar ce kaɗai ta jawo haka, amma lalle tana cikin ginshiƙan shirin.

To, mu fa? Abin da mu ke kira haɗin kai shi ne a aika wa uba takarda ya zo taron iyaye da malamai, a karanta masa kuɗin da zai biya, a tashi. Uwa ba ta halarta, malami namiji kuwa ba ya shiga gidan matan aure. Saboda haka ziyarar gida a ƙasar Hausa aikin malamai mata ne, kuma tilas a horar da su, a ba su lokaci da kuɗin mota domin wannan aiki.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi damuna. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko na al'ummar da su ke ciki. Duk da haka makarantun nazare da yawa sun zaɓi Turanci, har wasu iyaye na alfahari da hakan. Ranar da yaro ya dawo da waƙar da uwarsa ba ta fahimta, ranar aka sallame ta daga aikinta, ko da ya ke ba wanda ya gaya mata.

Abin mamaki, ba baƙon abu mu ke nema ba. A makarantar allo ta unguwa, uba da kansa ya kan damƙa yaro ga malam, a aika da kuɗin Laraba, ranar sauka kuwa dangi duka su taru. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilmin tushe. Ku ma'aikatan ilmi da ke zaune a nan, sai ku duba ko jadawalin malamar wannan aji ya ware mata ko da yammaci ɗaya a mako na shiga gidaje.